Rigar da Ta Ƙi Bushewa

Ranar da aka zauna zaɓen sabon kocin Fatake, na fito daga gida da shafi bakwai na rubutu a hammata, ba na ko shakkar cewa kafin la'asar za a mayar mini da usur ɗina. Lahadi ce, cikin watan Maris na 2004, rana ta fara dukan kwanon rufi tun ƙarfe takwas.

Fatake ƙungiyar ƙwallonmu ce, mu Hausawan unguwar Klémat. 'Yan kasuwar da suka zo Njamena daga Najeriya da Nijar suka kafa ta a 1991. Sai da suka yi wata guda suna rigima a kan launin riga, kowa na son na tutar ƙasarsu, sannan suka sasanta a kan ruwan ɗorawa, launin da babu wanda yake so. Muna buga gasar unguwanni da ake yi duk bazara. Cikin shekara goma sha uku kofi ɗaya muka taɓa ɗauka, a 1996, kuma ni ne koci. Yana nan a shagon shugabanmu Alhaji Rufa'i, a saman kanta, kusa da kwalayen shayi.

Ƙungiyar tana da al'adu biyu. Ta farko ita ce awo: ba a zaɓen sabon koci sai an kira sunan duk wanda ya taɓa riƙe usur, an faɗi alherinsa da ɓarnarsa a gaban jama'a, ko yana nan ko ba ya nan. Ta biyu kuwa, a gidan koci ake wanke riguna. Riga goma sha shida gare mu a wancan lokaci, kowa da lambarsa, kuma masu shirya gasa sun haɗa lamba da suna da hoto a kati ɗaya. In rigarka ba ta zo fili ba, kai ma ba ka zo ba. Ba a aron riga. Ana atisaye da su ranar Alhamis, a kai gidan koci, kyaftin ya karɓo su ranar Asabar da hantsi, a buga wasa bayan la'asar.

Daga 1994 matata Kubura ke wanke su, har zazzaɓi ya ɗauke ta a daminar 1998. Bazarar da ta biyo baya muka buga wasa tara, aka ci mu takwas, aka karɓe mini usur. Na ce makoki ne ya taɓa ni. Mutane suka gyaɗa kai suka ce haka ne, Malam, Allah ya ji ƙanta.

An shimfiɗa tabarmi a rumfar Alhaji Rufa'i. Mu kusan talatin ne, da dattawan kwamiti da tsofaffin 'yan wasa. Masu neman usur biyu: ni, da Nafiou, mutumin Maraɗi, wanda ya yi mini kyaftin shekara shida, yanzu yana safarar albasa. Mutumin kirki ne. Bai taɓa karanta littafi ɗaya a kan ƙwallo ba. Ni kuwa ina da sha ɗaya, na Faransanci da na Turanci, ban da mujallun da nake tsinta a wajen masu tsofaffin takardu. Sana'ata ke nan, shagon littattafai da kayan rubutu.

Alhaji ya yi addu'a, ya ce a fara awo, ya ce ni in buɗe tunda na zo da rubutu.

Na fara da Mati, kocin farko. Ya koma Damagaram tuntuni, saboda haka awonsa bai yi wuya ba. Na ce dabararsa ɗaya ce, a doka ƙwallo sama a bi ta da gudu da addu'a. Aka yi dariya. Wani dattijo daga ɓangaren Nijar ya ce amma dai Mati ne ya ɗauko turakun raga a motarsa, kuma a zamaninsa 'yan unguwar Boutalbagar ba su taɓa cin mu ba.

"Ba su da ƙungiya a lokacin, Baba," na ce.

"To, ai ba su ci mu ba."

Aka rubuta wa Mati haka.

Na tsallake kaina na koma kan Muslim, wanda ya gaje ni, ya riƙe shekara huɗu, yanzu ya ajiye. Yana zaune gabana yana fifita da hula. Na ce ya sayo kaset ɗin wasannin Turai ya tara samari suna kallo har idanunsu suka ƙware, ƙafafunsu na nan yadda suke. Na ce a zamaninsa mahautan unguwar Farcha sun zura mana shida, mai tsaron gidansu har shayi ya sha a bakin raga.

"Ruwa ya sha, Malam Idi," Muslim ya ce. "Ka ji tsoron Allah."

"A kofin shayi."

"Wannan kam gaskiya ne," ya ce, aka sake dariya.

Na ce amma in za a yi adalci, abu ɗaya Muslim ya yi da ya cancanci yabo. Ya sayo wa kowace lamba riga biyu daga Kano, ya riƙa kai su wurin mai wanki da guga, ya raba ƙungiya da sakacin cikin gida. Daga nan na shiga shafi na biyar, wato awon kaina, wanda na fi ɓata lokaci a kansa.

Na karanta musu cewa na ci kofi ne duk da gidana. Na ce Allah ya ji ƙan marigayiya, mace ce mai haƙuri, amma wankin riguna ya fi ƙarfinta. Ina da shi a rubuce a littafina: sau ashirin da bakwai cikin shekara biyar na tsara 'yan wasa sha ɗaya ranar Juma'a, na wayi gari Asabar ta ce mini lamba kaza ba ta bushe ba, ko lamba kaza ta yage ba ta samu ta ɗinke ba. Sau ashirin da bakwai na sake tsari a tsaye, a tsakar gida, kuma a cikinsu sau uku kacal aka ci mu. Na tuna musu wasan ƙarshe na 1996, da ta ɗora dutsen guga a kan lamba tara, rigar Junaid, wanda duk gasar babu mai cin ƙwallo kamarsa, ta ƙone ta; lamba sha biyu kuma, mai maye gurbinsa, tana jiƙe a baho. Bai rage mini ɗan gaba ba sai Gado, lamba sha huɗu, wanda ko sau ɗaya ban taɓa sa shi daga farko ba. Na sa shi. Ya ci biyu. Na ce koci na gaskiya shi ne wanda ake ɓata masa shiri da safe ya ɗauko kofi da yamma.

Na ɗago kai ina jiran tafi.

Muslim ya daina fifita. Nafiou ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren tabarma. Junaid, da ke zaune can baya, yanzu ya yi ƙiba yana fataucin fatu a Farcha, ya kalle ni baki buɗe kamar na zagi mahaifiyarsa.

Alhaji Rufa'i ya yi gyaran murya. "Malam, mun ji. Sai dai kwamiti ya yanke tun jiya cewa za a koma tsohuwar al'ada. Riga ɗaya ga kowa, wanki a gidan koci. To in an ba ka, wa zai wanke?"

"Alhaji, koci kuke nema ko mai wanki?"

"Tambaya na yi."

"Sabulu ne da ruwa. Ko ni sai in wanke."

Wani ya yi salati a hankali. Alhaji ya dubi Nafiou, Nafiou ya dubi Muslim, Muslim ya dubi rufin rumfa.

"Ashe da gaske bai sani ba," in ji Junaid daga baya. "Wallahi na ɗauka rufa mata asiri yake yi. Shekara takwas ina cewa Malam akwai zurfin ciki."

"Me ban sani ba?"

Nafiou ya ɗago. Har yau ba ya kirana sai Metir, yadda suke kiran malamin makaranta. "Metir, in yi maka tambaya ɗaya, kada ka yi fushi. Muna kawo riguna ranar Alhamis da magariba. Ina karɓa Asabar da hantsi. A Njamena. Cikin Afrilu." Ya ɗan tsaya. "Wace riga ce ke kwana biyu ba ta bushe ba?"

Na buɗe baki. Ina da amsa ga kusan kowace tambaya da aka taɓa yi mini a rumfar nan, har da waɗanda ba a yi ba. Na rufe.

"Wata Asabar da na zo karɓa, a shekarar farko," Nafiou ya ci gaba, "na tarar goma sha biyar a ninke, lamba shida tana baho. Na taɓa, ruwan ma bai yi ɗumi ba, yanzu aka zuba. Na ce Inna, ai wannan yanzu kika jiƙa ta. Ta ce in rage murya, kana ɗaki. Ta ce rigar nan makonni uku tana zuwa mata da warin taba, kuma gumin bai wuce wuya ba. Ta ce mai ita ba gudu yake yi ba, tsayuwa yake yi inda Malam zai gan shi."

"Lamba shida," na ce. "Ai shi ne ya fi kowa fahimtar allo."

"Sosai. Kana zane yana gyaɗa kai. A fili kuma mu ke yi masa gudu."

Daga nan rumfar ta ɓarke, kowa na son faɗin tasa. Wai ta san wanda ya ɓoye ciwo daga warin man zafi. Ta san wanda 'yan baya suke tsoro, don rigarsa ce ke zuwa da wuya a saɓule, an ja ta an sake ja. Ta san mai faɗuwar ƙarya, ƙasar bayansa tana zuwa a shafe, babu kurjewa. Wani ya ce shi sau biyu aka jiƙa shi, na biyun har gida ya je ya durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce masa ta bayan labule, ɗana, ba ni ce ba, rigarka ce ta kawo ƙararka. Wai ranar Alhamis har masu lalaci sukan yi ta gudu bayan na tashe su, don kada riga ta je gidan Malam da sauran bushi. Ni kuwa ina ganinsu daga nesa ina jin daɗi, ina cewa jawabina ya shige su.

"Ba ta taɓa zuwa fili ba," na ce. "Ko sau ɗaya. Ba ta san ko mutum nawa ne a gefe ɗaya ba."

"Ta san sha ɗaya ne," in ji Muslim. "Igiyar shanya ta gaba a gidanka, riga sha ɗaya take ɗauka. Matata ta gani da idonta."

"Matarka ma ta sani?"

"Malam Idi, har mai kiran sallan masallacinmu ya sani."

Junaid ya taso ya ratso mutane ya zauna gabana. Ya cire takalmin ƙafar dama ya ɗora ƙafar a kan tabarma, a kan shafina na shida. Babban yatsan babu farce, gefen ƙafar kuma da tabo mai zurfi kamar an ƙwaƙule da cokali.

"Sa ne ya taka ni a Farcha, saura kwana goma wasan ƙarshe. Ban gaya wa kowa ba. An ce wani mutum daga babbar ƙungiya zai zo kallo, na ce ko da rarrafe sai na buga. Na ɗaure da tsumma na sa safa biyu. Kai ba ka gani ba, Malam, har ka yabe ni ranar Alhamis, ka ce na koyi tsayawa a inda ya dace. Tsayawa nake yi don ba na iya gudu." Ya shafa tabon. "Inna ta ga safar. Ba jini kaɗai ba, har da ruwan miki. Ta aiko Nafiou ranar Juma'a ya ce mini in je asibiti, in ba haka ba rigata za ta jiƙe. Na ce ya gaya mata ko tana ɗiga zan sa ta, ai rana za ta busar da ita a jikina. Shi ya sa ba ta jiƙa ba."

"Ta ƙona," in ji Nafiou.

"Na yi wata uku ba na gaishe ta. Likitan da ya yanka ya ce da na buga minti casa'in a kan ƙafar nan, da daga idon sawu zai fara. Da na warke na kai mata turmin atamfa. Ta ce in mayar, kada Malam ya tambayi dalili."

"To Gado fa?" na ce. Ban san me ya sa na tambaya ba. Wataƙila ina neman ko abu ɗaya da zai rage nawa. "Gado ni na sa shi."

Nafiou bai so amsawa ba. Alhaji ya ce, faɗa masa, an riga an fara.

"Ta jiƙa sha biyu don kada ka sa mai ita, sai dai Gado, Metir. Ta ce sha huɗu ce rigar da ta fi ba ta wuyar wanki duk shekarar, kuma kullum da sawun hannu a bayanta. Ta ce yaron da ake riƙewa haka, akwai abin da suke tsoro."

Na tuna abin da na gaya wa ɗan jaridar rediyo bayan wasan, da kofi a hannuna. Na ce na daɗe ina ɓoye Gado don wannan rana.

"Bazarar 1999," Alhaji ya ce a hankali, ba da mugunta ba, "ka kai wa mai wanki. Kowace riga ta zo a goge."

Bai ƙarasa ba, kuma ba na bukatar ya ƙarasa. Wannan ce kaɗai shekarar da takardata ta shiga fili yadda na rubuta ta, mako tara a jere, ba wanda ya taɓa mini ko lamba ɗaya.

Aka kira azahar. Alhaji ya ce a tashi, a dawo bayan la'asar a jefa ƙuri'a. Na yi salla a sahun baya. Ban tsaya cin shinkafar da aka kawo ba, na wuce gida, na bar takarduna a kan tabarma da sawun ƙafar Junaid a kai.

Gidan yana yadda ta bar shi, sai dai ƙura. Igiyoyin biyu suna nan a tsakar gida, ta gaba doguwa, ta baya gajera. Shekara biyar da rabi ina shanya a kansu ban taɓa tambayar kaina me ya sa biyu ba. Bahon yana kife bayan randa.

Na buɗe akwatinta, wanda tun da 'yan'uwanta suka ɗauki abin da za su ɗauka ban sake taɓawa ba. Rigar lamba tara tana ƙasa, a ninke cikin tsohon ɗankwali. Na baza ta a kan gado. Na taɓa ganin ƙunar sau ɗaya, da safiyar wasan, amma a lokacin ihu nake yi. Yanzu na duba. Sawun dutsen guga ne cikakke, da tsininsa da gindinsa, a zaune daidai tsakiyar lambar, bai karkace ba, bai goga gefe ba. Hannun da ya yi kuskure yakan fizge. Wannan an ɗora ne an danna an jira.

Abin da na ce mata a ranar ina tune da shi kalma kalma, don ina da kyakkyawar tunawa, kowa ya san haka. Na ce shekara goma sha biyu ina zaune da macen da ko guga ba ta iya ba. Na ce da na auri mai ilimi da ba a yi mini haka ba. Tana durƙushe tana kwashe gawayin dutsen. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam." Da muka dawo da kofi unguwa ta cika da guɗa, ta yi mini dambun nama, na ƙi ci. Kwana uku ina cin abinci a kasuwa, don ta gane girman laifinta.

Ni mutum ne da ba ya yarda da magana sai ya gwada. Na cire rigar jikina, na tsoma ta a baho har ta sha ruwa, ban matse sosai ba, na shanya a igiyar gaba. Na ɗauko agogo na zauna a inuwar bango, daga ni sai singileti, kamar mahaukaci. Ruwan ya ɗiga na ɗan lokaci ya daina. Kafaɗu suka fara yin haske. Minti talatin da biyar na tashi na taɓa. Ta bushe ƙayau, har da ɗumi.

Sau ashirin da bakwai. Na karanta littattafai sha ɗaya a kan yadda ake lura da ɗan wasa, biyu daga ciki da ƙamus a gefe, kuma duk a tsakar gidan nan na karanta su, a kujerar da ke fuskantar igiya.

Na mayar da rigar jikina na koma rumfa.

Zaɓenmu da ƙwallon dabino ake yi. Akan kife huluna biyu a bayan buhu, kowa ya zagaya ya saka nasa a ƙarƙashin wadda yake so, ba mai ganin wani. Alhaji ya riga ya cire hularsa, ana neman ta biyu, na ce a dakata.

"Hula ɗaya ta isa. Na janye."

"Malam, ba korarka aka yi ba," in ji Alhaji. "Ka bari a jefa. Akwai masu son ka."

"Na sani. Su nake tsoro." Na juya wajen Nafiou. "Wa zai wanke?"

"Matata Zulaikha, Metir."

"Ta iya?"

"Shekara biyu tana zuwa taya Inna ranar Juma'a, tun muna sabon aure. Kai kake amsa mata sallama."

Na tuna wata yarinya mai lulluɓi ruwan toka da takan wuce ni a zaure. Na ɗauka kitso take zuwa.

"In ta ce riga ba ta bushe ba," na ce masa, "kada ka yi mata ihu."

"Ni ai tambayarta zan yi tun ranar Juma'a, Metir. Ba sai ta ɓata ruwa ba."

Aka yi dariya, ba mai yawa ba. Ban taya su ba. Bai faɗa don ya soke ni ba, wannan ne ya sa ta shiga sosai.

Alhaji ya miƙa wa Nafiou usur, aka yi fatiha. Saura a rubuta sakamakon awo a babban littafin ƙungiya, kuma tunda duk rumfar babu mai rubutu kamar nawa, ni aka miƙo wa, kamar kullum. Na rubuta Mati, 1991 zuwa 1993, ya kawo turaku. Na rubuta Muslim, 2000 zuwa 2003, ya kawo kaset. A tsakaninsu na bar layi biyu. A na farko na sa 1994 zuwa 1998, Kubura, kofi ɗaya. A na biyu na sa 1999, Idris, wasa tara, an ci shi takwas.

Alhaji ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya sake sawa.

"Malam, wannan littafi a gaban maza ake karanta shi duk zaɓe. Ba a sa sunan matar mutum a ciki."

"Shekara takwas kuna faɗinsa a bayana, Alhaji. Ku faɗe shi a gabana."

"Ko a sa 'gidan Malam Idris'? Ya fi sutura."

"Gidan Malam Idris ya riga ya karɓi kofi sau ɗaya. Ya isa."

Ya dubi dattawa. Dattijon nan mai kare Mati ya ce shi dai bai ga abin da ya saɓa wa addini ba, kuma tawada ta riga ta bushe. Alhaji ya rufe littafin ya ɗora a kanta, ƙarƙashin kofin.

Da za a watse Nafiou ya biyo ni har bakin titi, yana juya usur a hannu kamar ya ƙone shi. Ya ce Zulaikha ta ce in ba damuwa, ko bahon Inna yana nan. Na ce yana nan, a zo a ɗauka. Ya ce igiyoyin fa? Na ce igiyoyin nawa ne.

Washegari ya zo da kansa a kan babur ya ɗauka. Na ba shi har da littattafan sha ɗaya, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya zuba su a cikin bahon ya ɗaure da roba. Ranar Juma'a na je maƙabarta da niyyar yin magana mai tsawo, na ma tsara ta a hanya. Da na tsaya a kan kabarin sai na ga duk abin da na tsara bayani ne, kuma ta sha bayanina shekara goma sha huɗu. Na yi mata addu'a na dawo.

Ba na zuwa fili yanzu. Ranar Asabar da hantsi nakan rufe shago in bi ta layin su Nafiou, in rage tafiya daidai katangarsu, wadda ba ta da tsawo. Daga nan ana hango igiyoyin shanyarsu biyu. Nakan ƙirga rigunan igiyar gaba, in duba lambar da babu, in wuce.